Hannun Inna na Dama

Inna maginiyar tukwane ce a Mirriya, kamar uwarta da kakarta. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma zama kusa da ni in akwai mutane. Tun da aka yaye ni goggona, ƙanwar mahaifina, ta ɗauko ni ta kawo ni Damagaram. A hannunta na girma, a gidanta aka yi mini aure a cikin Birni. Inna sai da salla nake ganinta, ko in an yi rasuwa. In na gaishe ta takan amsa tana duban wani waje. Abin da na fi sani nata shi ne hannuwanta, domin su kaɗai nake iya ƙura wa ido ba tare da an ce na yi rashin kunya ba. Hannuwa ne sirara masu ƙarfi, kullum da busasshen yumɓu a tsakanin yatsu.

Saura shekara uku ko huɗu ƙasa ta sami 'yancin kanta lokacin da abin ya faru. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Inna na zaune a gidansa, ƙanwata da mijinta na maƙwabtaka da ita, sai Kawu, wan Inna, wanda ke da lambu a bayan gari. Shi ne babba a dangi, komai sai da saninsa.

Wata Litinin ƙanwata ta zo gidana da hantsi, ko ruwa ba ta sha ba ta ja ni ɗaki. Ta ce tun daminar bara Inna ke da ƙulli a nononta na dama. Da farko kamar ƙwallon dabino, yanzu ya fi ƙwan zabo, fatar wurin ta yi ramuka-ramuka, kan nonon ya shige ciki. An sha sassaƙe, an shafa rubutu, an yi turare. Inna ta hana a gaya mini.

Na ce, “Don me ta hana?”

Ta ce, “Kin san halinta. Ta ce ba a kai wa 'yar fari irin wannan magana.”

Mijina baduku ne. Ya taɓa ɗinka wa majo jakar fata, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likita, suka saba. Shi ya je ya same shi, majo ya ce a kawo ta ba da ɓata lokaci ba. Kawu bai so ba. Ya ce bai taɓa jin an shiga ɗakin nan na Nasara da ciwon daji an fito ba. Inna ce ta raba gardamar da kanta. Ta ce ta gaji da shan ɗaci, a kai ta. Muka ɗora ta a kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ni da ƙanwata muka sa ta a tsakiya.

Lokotoro, Baturen likitan da ke yanka, ya duba ta, ya yi magana da majo cikin faransanci, majo ya juya mana. Za a cire nonon gaba ɗaya. Inna ta murza bakin zanenta, ta ce, “Na gama shayarwa. Su ɗauka.”

Ta yi kusan sati uku a kwance. Ranar da za a sallame mu majo ya sa aka kawo mana benci a inuwar baranda, ya zauna a gabanmu. Babarbare ne, dogo, Hausarsa na da nauyi, yana magana a hankali kamar mai ƙirga hatsi. Ya ce ni in matso in ji da kyau, don ya lura ni ce mai riƙe magana.

Ya ce, “Iya, ba nono kaɗai aka cire miki ba. Akwai wasu 'yan ƙululai a hammata, waɗanda in sun kumbura kuke cewa kaluluwa. Su ma an kwashe su, don ta nan ciwon ke bi ya shiga jiki. To, su ne ke jan ruwan hannu su mayar da shi cikin jiki. Yanzu babu su. Ruwan zai nemi wata hanya. In ya samu, alhamdu lillahi. In bai samu ba sai ya kwanta a hannun, hannun ya yi ta girma, kuma in ya girma da wuya ya koma yadda yake.”

Inna ta dubi hannunta kamar na wani.

Ya ce kada a bar komai ya huda fatar wannan hannun. Ba ƙaya, ba aska, ba ƙahon wanzami, ko allura ce aka zo yi mata a wani wuri ta miƙa na hagu. A wanke shi da sabuni kullum, a shafa masa mai kada fatar ta tsage. In sauro ya cije ta kada ta sosa da farce. In ta kwanta a ɗora shi bisa matashi ya fi ƙirjinta tudu. Kada kuma ta naɗe shi ta ajiye don tsoro, ta riƙa motsa shi. Ya tashi ya nuna mana a jikin bango yadda za ta riƙa hawa da yatsunta sama kaɗan-kaɗan.

Inna ta ce, “Yumɓu fa?”

Ya ce, “Me kike yi da shi?”

“Haƙa, da ɗauko shi, da kwaɓi, da gini, da tuyar tukwane a wuta.”

Ya ɗan yi tunani. Ya ce, “Haƙa da ɗauka ki bar wa wasu. Gini, in rauni ya warke, ki yi na ƙanana, ki tsaya da zarar kin ji hannun ya yi nauyi. Wuta kuwa, Iya, ki yi nesa da ita. Ƙuna ko kamar ƙwayar gero ce, a wannan hannun ba ƙarama ba ce.”

Sannan ya ga munduwar azurfar da ke wuyan hannunta. Ya sa yatsa a ƙarƙashinta, yatsan bai shiga ba. Ya ce wannan ma ta fita.

Gidana na kai ta. Ba ta taɓa kwana a gidana ba, ba ta kuma taɓa cin abinci a gaban mijina ba. Shi ma da ya ga yadda take takurewa sai ya riƙa fita tun da sassafe, ya yini a rumfarsa, abincinsa a kai masa can.

Maganar munduwa ta ɗauke mu kwana huɗu. Mahaifinmu ne ya sa mata ita tun suna amarya da ango, ba ta taɓa cire ta ba. Na ce ba rabuwa za ta yi da ita ba, hannun hagu za a mayar. Muka gwada da sabuni, muka gwada da man gyaɗa, ta ƙi wuce ƙashi, fatar har ta fara ja. Tsoro ya kama ni, na bari. Mijina ya kira maƙerin farfaru, wani tsoho mai rawar hannu. Da na ga rawar hannun nan sai na cusa tsumma tsakanin azurfar da fatarta, na riƙe da kaina. Ya buɗe ta da awartaki a hankali. Inda ta zauna shekara talatin fatar ta yi fari sol, ta lotsa. Inna ba ta yarda a sa mata ita a hagu ba. Ta ƙulle ta a bakin zane, ba ta sake maganarta ba.

Kowace safiya nakan ɗumama ruwa kaɗan, in zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno a bayan ɗaki, in wanke hannun tun daga yatsu har kafaɗa, in bi tsakanin yatsun in tsane su da tsumma mai tsabta, in shafa man kaɗanya ina turawa sama. Ban taɓa taɓa uwata haka ba sai ranar da na fara. Ita kuma ta kau da kai tana kallon katanga har na gama. Tabon ya taso daga tsakiyar ƙirji ya shige hammata, fatar a manne da haƙarƙari. A kwana na biyar ko na shida ne ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ke, hannunki da sanyi. Ki riƙa murza shi tukuna.” Wannan ce doguwar maganar da ta fara yi mini a rayuwata wadda ba gaisuwa ba.

Hawan bango shi ta fi tsana. Da farko yatsunta ba sa wuce kafaɗa, sai ta cije leɓe, gumi ya keto mata. Nakan sa gawayi in ja layi inda ta kai. Ta ce na mayar da ita 'yar yaye. Amma na sha fitowa daga madafa in same ta ita kaɗai a jikin bangon tana ƙoƙarin wuce layin jiya. Kafin wata biyu ta kai hannunta saman ƙofa.

Majo ya koya mini wata dabara. Na sami zare biyu, na auna damtsenta da ɗaya, na auna ƙasan gwiwar hannu da ɗaya, na ƙulla alama. Duk Juma'a sai in sake aunawa. Ya ce in zaren ya daina haɗuwa a kan ƙullin, in kawo ta. Wata biyar tana gidana, zaren bai taɓa gazawa ba. Na fara sakin jiki.

Da aka yi girbi ta ce za ta koma gida. Na roƙe ta, goggo ta roƙe ta. Ta ce ba a haife ta don ta zauna gidan suruki tana kallon kaji ba. Na haɗa mata sabuni da man kaɗanya, na maimaita wa ƙanwata duk abin da majo ya faɗa har ta ce ta haddace. Daga nan kowace Lahadi, ranar kasuwar Mirriya, nakan bi kamiyo in je da zarena.

A can ne na gane akwai abin da majo bai lissafa ba. Matan da suka shekara ashirin suna sayen tukwanenta sun fara wuce rumfarta. Suna gaishe ta da kyau, suna yi mata sannu da jiki, sannan su saya a gaba. Ƙanwata ta gaya mini wata ta mayar da tulu, ta ce maigidanta ya ce ba za a sha ruwa a abin da hannu mai ciwon daji ya gina ba. A gaban Inna aka ajiye tulun. Ta ɗauke shi da hagu ta mayar cikin sauran.

Na ce mata, “Inna, ki bar su. Abin da za ki ci ba zai gagare mu ba.”

Ta ce, “Na ce miki yunwa nake ji?”

Lokacin ina da tsohon ciki. Zuwa ya fara yi mini wuya, hanyar duk gargada, goggo na faɗa. Lahadin ƙarshe da na je zaren ya haɗu daidai, fatar sumul. Na dawo da kwanciyar hankali. Bayan kwana tara na haihu, na shiga wankan jego. Inna ba ta zo suna ba, don kunyar 'yar fari, ta aiko da ƙanwata da wani ɗan kasko da ta gina. Na tambayi hannun, ƙanwata ta ce lafiya lau. Na manta ban ba ta zaren ba. Na tuna bayan ta tafi, na ce in na yi arba'in na je da kaina.

Abin da ya faru a bayana, daga baya na ji shi. Wasu mutanen garin Guna suka zo neman manyan randuna biyu, irin waɗanda babba ke iya shiga ciki ya tsuguna. Duk unguwar magina Inna kaɗai ke gina irinsu ba su tsage ba. An gaya musu ba ta da lafiya, suka ce su dai nata suke so. Ƙanwata ta ce tun da aka yi wa Inna aiki ba ta ga fuskarta ta saki kamar ranar ba. Inna ba ta haƙa ba, ba ta ɗauka ba, ƙanwata ce ta kwaɓa. Inna ta yi ginin a cikin kwana shida, tana hutawa. Ranar tuya ta tsaya nesa kamar yadda majo ya ce, tana ba da umarni da baki. Sai iska ta juya, wutar ta ci gefe ɗaya ta bar ɗaya. In aka bar ta haka randunan za su fashe. Kafin ƙanwata ta zagayo, Inna ta ɗauki doguwar sanda ta shiga tana tura kara, da hannun da ta saba. Garwashi ya faɗo mata a wuyan hannu. Ƙunar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta barbaɗa toka, ta ɗaure da tsumma, ta ce wa ƙanwata in ta kuskura ta aika mini ba ita ba ita. Randunan sun fito lafiya, mutanen Guna suka ɗora su a amalanke suka tafi.

Ina kwana talatin da ɗaya da haihuwa mijin ƙanwata ya yi sallama da safe. Ya ce Inna kwana uku ke nan tana zazzaɓi, hannun ya tashi. Goggo ta ce mai jego ba ta fita. Na goya jaririna na ɗauki mayafi. Ta bi ni har zaure tana cewa jikina ɗanye ne. Ban tsaya ba.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da na shiga gidan. Inna na kwance a tabarma a inuwar ɗaki, idanunta a rufe, leɓɓanta sun bushe. Hannun na gani kafin in ga fuskarta. Ya ninka na hagu, ya yi jawur yana ƙyalli tun daga yatsu har sama da gwiwa, yatsun sun yi tsaye ba sa lanƙwasuwa. A kan damtsen akwai ƙaho biyu a manne. Wanzami na tsugune a gefenta da aska a hannu, yana shirin tsaga wuri na uku. Kawu na zaune bisa turmi. Ƙanwata na tsaye a bakin madafa tana kuka ba sauti.

Ban gaishe da kowa ba. Na ce, “Baba wanzami, don Allah ɗaga askar nan.”

Ya ɗaga, ya dubi Kawu.

Kawu ya ce, “Ke da ba ki yi arba'in ba, me ya fito da ke?”

Na ce, “Kawu, an ce kada ƙarfe ya taɓa hannun nan. A gabana aka faɗa.”

“Wa ya faɗa? Waɗanda suka yanke mata rabin ƙirji? Su ƙarfensu bai taɓa ta ba?”

“Sun ce in aka tsaga fatar ciwo zai shiga.”

Ya ce, “Ciwo ya riga ya shiga, 'yar nan. Dubi hannun. Mugun jini ne ya taru, in ba a fitar da shi ba zai hau mata zuciya. Kwana uku ina zaune a nan ina kallonta tana sambatu. Ke kina ina?”

Wannan tambayar ta same ni. Amma na durƙusa tsakanin wanzamin da Inna, da goyo a bayana, na ce ba za a ƙara tsaga ko ɗaya ba sai dai a fara da ni. Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, ranar na ɗaga. Na ce masa in ta mutu a ƙarƙashin ƙahon nan shi ya kashe ta. Har yau in na tuna wannan kalmar sai in ji ba daɗi.

Wanzamin tsoho ne mai hankali, shi ya yi wa 'ya'yan gidan nan duka aski. Ya cire ƙahonnin a hankali, ya juye su a ƙasa. Abin da ya fito ba baƙin jinin da aka saba gani ba ne, wani ruwa ne fatsi-fatsi da ɗan jini, kuma bai daina tsatsowa daga tsagar ba. Ya danna damtsen da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce wa Kawu, “Malam, wannan ba irin nawa ba ne. Ba ƙurji a ciki, ba abin da zan tsaga. Ku kai ta inda aka fara.” Ya naɗe zabirarsa.

Kawu ya tashi ya fita. Amma shi ya je tasha ya tsayar da kamiyo, shi ya ɗauki Inna a hannunsa ya sa ta a ciki. Bai biyo mu ba.

Da majo ya kwance tsumman ya ga ƙunar ta ruɓe, ya ga tsagar ƙaho, sai ya ja numfashi. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ce wa Inna, “Sannu, Iya,” ya sa aka ba ta gado. Allura safe da yamma, a ɗuwawu, kwana da kwanaki. Aka rataye hannun da ƙyalle a jikin wani ƙarfe sama da kanta. Ina zaune a ƙasa ina ba jariri nono, ina kallon jan nan ko zai ja baya. A kwana na huɗu zazzaɓin ya sauka, ta buɗe ido ta nemi kunu. Ta ga yaron a cinyata, wanda ba ta taɓa gani ba, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, “Da wannan kika hau mota?” Na ce i. Ta ce, “Ba ki da hankali.” Ta miƙo hannun hagu ta taɓa ƙafarsa.

Jan ya tafi, zafin ya tafi, ƙunar ta warke. Kumburin ya ragu kaɗan, ya tsaya. Na kawo zarena na auna, tsakanin bakin zaren da ƙullin yatsa uku ne. Bayan wata guda na sake aunawa, yatsa uku. Daga nan na daina.

Na tare majo a baranda na tambaye shi abin da ke cina. Na ce, “Ƙunar ce ko ƙahon? Da na zo da wuri fa?”

Ya ce, “Ƙunar ce ta kawo zazzaɓin, ƙahon ya ƙara. Da an kawo ta ranar da ta ƙone, wataƙila da ba a kai nan ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, na ga matar da ta kiyaye komai, ko tsinke bai soke ta ba, hannun ya tashi bayan shekara biyu. Na ga wadda ta koma surfe da daka, ba abin da ya same ta. Kiyayewa tana rage haɗari ne, ba ta kawar da shi. Yanzu aikinku shi ne kada ya ƙaru.”

Ya ba ni bandi, dogon ƙyallen naɗin rauni, ya nuna mini yadda ake naɗawa daga yatsu a yi sama, a ɗan matse a ƙasa, a sassauta yayin da ake hawa. Na koya wa ƙanwata. Bandin na tsufa muka riƙa yanka farin alawayyo muna yi da shi.

Inna ta koma Mirriya da hannun da ya fi ƙarfinta. Takan tallafe shi da na hagu in za ta tashi. Aka buɗe hannun rigunanta. Kafaɗarta ta karkace saboda nauyi, wuyanta kullum yana ciwo. Kasuwa ta daina zuwa, don ta ji wani yana cewa tundurmi ne ya kama ta a hannu. Manyan randuna kuwa an gama. Takan zauna kusa da ƙanwata tana gyara mata da baki, wani lokaci ta sa hagu ta daidaita bakin tukunya. In ƙanwata ta yi kuskure sai ka ga yatsun dama, masu kumburin nan, suna motsi a kan cinyarta.

Zazzaɓin ya sake dawowa sau biyu, sau ɗaya daga kaikayin tsakanin yatsu, sau ɗaya ba mu ma san dalili ba. Amma mun koyi darasi. Da an ga ja ko an ji zafi, ranar ake kawo ta. Zuwa na biyu ya faɗo daidai lokacin da aka ba ƙasa 'yancin kai. Gari ya cika da kiɗa, ana jin kalangu har cikin ɗakin marasa lafiya, ma'aikata rabi sun tafi kallo. Ta tambaye ni bikin wa ake yi. Na ce Nasara ne suka miƙa mulki. Ta ce, “To, Allah ya sa alheri. Majo ma tafiya zai yi?” Na ce a'a, shi ɗan ƙasa ne. Ta ce to, in gyara mata matashin, ya zame.

Damina biyu bayan haka ta fara ciwon baya da tari. Majo ya duba ta, ya kira ni gefe, ya ce ciwon farko ne ya dawo ta ciki, babu abin da za a yanka. Ta ce a mayar da ita gida. Na bar yarana wajen goggo na koma Mirriya, na yi wata biyu da ita. Ba ta yarda a daina wanke hannun da naɗe shi ba har safiyar ranar da ta cika. Ta rasu bayan azahar, gero na fitar da kai.

Tun ranar wanzami Kawu bai ƙara taka gidana ba. In mun haɗu yakan amsa gaisuwata a taƙaice. Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, ya aiko a kira ni lambunsa. Na same shi yana ban ruwan albasa. Ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, ya ajiye gugan.

Ya ce, “Akwai abin da nake so in tambaye ki. Ke kika yi magana da mutanen likita. Ƙahon nan da na sa aka yi mata, shi ya lalata hannun?”

Na gaya masa abin da majo ya gaya mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce ƙunar ce ta fara, ƙahon ya ƙara, kuma akwai waɗanda hannun ke tashi ko ba a yi musu komai ba. Na ce ni ma da na ba ƙanwata zaren awo, ko da na aika an dubo ta, wataƙila da an gani da wuri.

Ya ce, “Wato ba a sani ba.”

Na ce, “Ba a sani ba, Kawu.”

Na roƙe shi gafarar maganar da na faɗa masa a gaban wanzami. Ya ce ya yafe, amma bai dube ni ba. Ya tsuguna ya tuge albasa da ganyenta, ya kakkaɓe ƙasar, ya ɗaure da kaba ya ba ni, ya ce in kai wa yara. Ya ce in yi sauri kada kamiyon la'asar ya tafi ya bar ni.